Kafin a Ce "Sai Fomatin": Yadda Ake Ceto Kwamfuta a Ƙasar Ruma

A ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, kwamfutar da ke shagon buga takardu ba kayan mutum ɗaya ba ce, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya saye ta da kuɗinsa. Da ita ɗalibi ke duba sakamakon NECO da WAEC, da ita yake fitar da takardar shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ita ake biyan kuɗin hukuma ta Remita, da ita kuma mai neman aikin soja ko na ɗan sanda ke cike fom kafin a rufe shafi. Duk waɗannan ayyuka ƙofa ɗaya suke bi, wato burauza, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge. Ranar da wannan ƙofa ta cije, unguwa kan shiga halin da take shiga ranar da famfon burtsatse ya lalace.

Sau da yawa kuwa ƙofar kan cije ne bayan an sabunta ta. Jiya tana aiki lafiya, yau an kunna ta fuskarta ta yi fari fat, ko ta buɗe ta rufe da kanta, ko ta ja dukkan kwamfutar ta sandare. Idan aka kai wa mai gyara, hukuncin da aka fi ji shi ne: "Sai an yi mata fomatin." Ma'ana a shafe duk abin da ke cikinta, a zuba sabuwar Windows. Wannan hukunci, in ban da a lokuta ƙalilan, kuskure ne mai tsada. Garin neman gira ake rasa ido. Burauza manhaja ɗaya ce daga cikin manhajoji, amma abin da fomatin ke tafiya da shi ya haɗa da takardun shaidar da mutane suka bari a ajiya, da kundin binciken ɗalibin da ya yi wata biyu ana buga masa, da jerin sunayen ɗaliban Islamiyya, da kalmomin sirrin da mai shagon kansa ya daɗe da mantawa domin na'ura ce ke tuna masa.

Dalilin da ya sa sabuntawa ke zama masifa a nan

A shekarar 2021 kamfanin Google ya koma fitar da sabon Chrome kusan duk bayan mako huɗu, Mozilla kuma ta riga shi ɗaukar irin wannan tsari ga Firefox. Dalilinsu mai ƙarfi ne: kullum ana gano ɓarakar da ɓarayin intanet ke shiga ta cikinta, kullum kuma sai an toshe. Sai dai tsarin an gina shi ne a kan abubuwa uku da masu shi suka ɗauka kowa na da su: wutar da ba ta ɗaukewa, intanet ɗin da ba ya yankewa, da kwamfutar da ba ta tsufa ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da mutumin Ruma zai iya rantsuwa a kansa.

Wuta ta janareta ce ko ta sola, kuma man janareta na iya ƙarewa manhaja na tsakiyar sauka. Intanet na wayar hannu ne, ana sayensa da awo. Mutanen yankin sun ma ga abin da ya fi haka: a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, ba a kuma maido da su ba sai a ƙarshen shekarar. Kwamfutar da ta yi watanni ba ta ga intanet ba, ranar da ta gan shi duk sabuntawar da ta taru ce za ta auka mata lokaci guda, a kan layin da ke ɗingishi.

Sai batun tsufa. Akasarin kwamfutocin shaguna na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta Legas zuwa kasuwannin Kano da Katsina. Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020. Chrome 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1. Firefox 115 na Yulin 2023 shi ne na ƙarshe a ɓangaren Mozilla, kodayake an ci gaba da yi masa facin tsaro na wani lokaci. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma wa'adin Windows 10 ya cika, alhali Windows 11 na neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Mai shago na tsakiya: shafukan da yake hulɗa da su na neman sabuwar burauza, sabuwar burauza na neman sabuwar Windows, ita kuma tana neman sabuwar kwamfuta.

Matakan da suka riga fomatin

Mataki na farko ba gyara ba ne, kwashe kaya ne. Kafin a taɓa komai, a kwafe duk takardu da hotuna zuwa filas ko ma'adanar waje. Idan Windows ta ƙi tashi yadda ta saba, akwai hanyar da ake kira Safe Mode, wadda ke tayar da ita da mafi ƙarancin manhajoji: a Windows 7 ana danna F8 lokacin kunnawa, a Windows 10 da 11 kuma ana riƙe Shift a danna Restart. Idan wannan ma ya faskara, ana iya tayar da na'urar da Linux daga filas, a kwashe kayan, ba tare da an shafe ko harafi ɗaya ba. Mai gyaran da bai yi wannan ba kafin ya yi maganar fomatin, bai fara aikinsa ba tukuna.

Na biyu, a duba agogon kwamfutar. Abin kamar wasa, amma yana daga cikin abubuwan da suka fi yaudarar mutane. Cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. In ya mutu, na'urar kan farka tana zaton shekarun baya ne, burauza kuma ta ƙi buɗe shafuka domin takardun shaidar tsaronsu ba su dace da ranar da take gani ba. Maganin wannan canjin batir ne da gyaran kwanan wata, aikin minti biyar.

Na uku, a bambance tsakanin burauza da jakar bayanan mai amfani da ita. Chrome da Firefox kowace na ajiye adireshin shafuka, da kalmomin sirri, da ƙananan manhajojin da aka liƙa mata a wata jaka ta daban. Galibi ciwon a nan yake: wata tsohuwar manhajar da aka liƙa ba ta jituwa da sabon zubi, ko jakar ta sami rauni lokacin da wuta ta ɗauke. A kashe waɗannan ƙananan manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ko a buɗe sabuwar jaka a gwada. Firefox na da maɓallin Refresh wanda ke wanke ta, ya bar kalmomin sirri da adireshin shafuka, ya kuma ajiye tsohuwar jakar a fuskar kwamfuta. Idan matsalar fari ko baƙin fuska ce, sau da yawa kashe zaɓin da ke ɗora wa na'urar hoto aikin zana shafuka yakan wadatar, domin tsofaffin kwamfutoci ba sa iya ɗaukar wannan nauyi.

Na huɗu, a cire burauzar a sake sa ta, amma ba da ɗan ƙaramin fayil ɗin da aka saba saukewa ba. Shi wannan ɗan aike ne kawai, sai ya shiga intanet yake jawo sauran, in layi ya yanke aiki ya tsaya a rabi. Google da Mozilla duk suna da cikakken fayil da ake saukewa sau ɗaya a sa ba tare da intanet ba. Wanda ya shiga Katsina ko Dutsin-Ma inda layi ya fi ƙarfi, yana iya dawowa da shi a filas ya amfanar da shaguna goma.

Na biyar, idan ɓarnar ta taɓa Windows kanta, akwai System Restore, wanda Microsoft ya fara sa wa a Windows Me a shekarar 2000. Yana mayar da manhajoji yadda suke a wata rana da ta wuce, ba ya kuma taɓa takardun mutum. Sharaɗinsa ɗaya: sai an kunna shi tun kafin matsala, kuma a kwamfutoci da dama a kashe yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai duk waɗannan sun gaza ake maganar fomatin. Ko a lokacin ma akwai abin lura: kalmomin sirrin da Chrome ke ajiyewa a kulle suke da asusun Windows ɗin da aka adana su a ciki, saboda haka kwafe jakar kaɗai ba zai dawo da su ba. Sai an fitar da su tun da wuri, ko an haɗa burauzar da asusun Google.

Uzurin mai gyara, da uzurin mai shago

Mai gyara na da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Fomatin aikin awa ɗaya ko biyu ne mai tabbas, bincike kuwa na iya cin yini, kuma mai kaya ba zai biya kuɗin yini ba. Ban da haka, kwamfutar da filas ɗin kowa ke shiga ba ta rabuwa da ƙwayar cuta, wani lokacin shafewa ce kaɗai mafita. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a yi fomatin bayan an kwashe kaya, ba hujjar a yi shi a makance ba. Lokacin da mai gyara ya tsimi, wani ne ke biyansa: ɗalibin da zai sake bin hanyar da kowa ya san haɗarinta domin neman takardar da aka shafe masa.

Shi kuma mai shagon da aka taɓa ƙonawa yakan yanke shawarar rufe ƙofar sabuntawa gaba ɗaya. Nan ma akwai rami. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama. Kwamfutar da ake shigar da lambar NIN da bayanan banki a cikinta kullum ba ta da ikon zama da tsohuwar burauza har abada. Kuma tun da aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023, riƙe bayanan mutane ya zama amana a gaban doka. Abin da ya dace shi ne mai shago ya zaɓi lokacin sabuntawa da kansa: bayan an tashi aiki, batir a cike, kaya a kwafe, ba ana saura kwana biyu a rufe wani shafi ba. Mai kwamfuta biyu ya fara da ɗaya ya gani. A kuma ajiye burauza ta biyu a kowace na'ura, domin in ɗaya ta cije a bi ta ɗayar.

Nauyin da ke kan manya

Kada a ɗauka wannan gazawar ƙauye ce. A ranar 19 ga Yuli, 2024 wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin da aka ba duniya shi ne wanda aka ambata a sama: a shiga Safe Mode a cire fayil ɗaya. Ba wanda ya ce a shafe komai. A gida kuma, a watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskuren na'ura ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Waɗannan an gan su ne domin yawansu. Ɗalibi ɗaya da wa'adi ya wuce shi a Runka ko Wagini saboda shafi ya ƙi buɗewa, ba wanda zai kira taron manema labarai dominsa.

Saboda haka hukumomin da suka mayar da ayyukansu intanet na da aiki a gabansu. Shafin da aka wajabta wa kowane ɗan ƙasa bi, wajibi ne a gwada shi a kan tsohuwar na'ura da raunanan layi kafin a sake shi, a rage masa nauyi, a kuma rubuta ƙarara irin burauzar da yake buƙata. Inda aka san akwai matsalar tsaro ko ta sadarwa, a ƙara wa'adi. Makarantun da ke koyar da kwamfuta a jihar, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina har zuwa ƙananan cibiyoyin unguwa, su sa ceto bayanai a gaban fomatin cikin abin da suke koyarwa, domin yaran da suke yayewa su ne masu gyaran gobe.

Kafin manya su motsa, abin da ke hannun mai shago a Batsari ko Safana bai fi ƙarfinsa ba: filas ɗaya na ajiya da ake sabuntawa duk mako, filas na biyu mai cikakken fayil ɗin burauza, System Restore a kunne, da tambaya ɗaya da zai yi wa duk mai gyaran da ya miƙa hannu zai karɓi na'urarsa: "Ka kwashe kayan mutane tukuna?"