Motar daji: kafin a sayi sabuwar farfelar gaba

Damana ta kusa. Daga Dakoro zuwa Bermo, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Abalak zuwa Cintabaraden, hanyoyi rairayi ne da rani, laka da damana. Motar da ke bin waɗannan hanyoyi ita ce kat-kat, mai ja da tayoyi huɗu. Ita ke kai hatsi da awaki kasuwa. Ita ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa babbar likita. Manomi ko makiyayi ba shi da irin wannan mota, amma kuɗinsa na cikinta. A wurare da yawa jama'a ne ke tara kuɗin gyaran ambulas ko motar ƙungiya. Ran da direba ya zo ya ce a sake farfelar gaba, ya kamata waɗanda ke riƙe da asusu su san abin da ake magana a kai.

Farfela sanda ce ta ƙarfe, mai rami a ciki kamar bututu, tana ƙarƙashin mota. Waɗanda suka koyi aiki da Faransanci sukan ce mata kardan. Kat-kat tana da biyu. Doguwa tana kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Gajeruwa tana kai shi zuwa tayoyin gaba. In ta gaba ta mutu, motar ta zama kamar kowace mota: tayoyin baya kaɗai ke turawa, rairayi na farko zai riƙe ta.

A kowane bakin farfela akwai gaɓa. Cikin gaɓar akwai ƙarfe mai hannu huɗu kamar mararraba, makanikai na ce masa kurwaziyo. Kowane hannu yana da hula, cikin hular an jera ƙananan ƙarafa kamar allurai, suna iyo cikin giris. Wannan gaɓa ce ke sa farfela ta juya ko da a karkace take. A tsakiya kuma akwai wurin da ƙarfe ɗaya ke shiga cikin wani, kamar takobi cikin kube. In mota ta faɗa rami farfela ta miƙe, in ta hau tudu ta taƙure.

Sau da yawa ba farfelar ce ta mutu ba, kurwaziyo ne. Nan ne kuɗin jama'a ke ɓacewa. Kurwaziyo ƙaramin abu ne, ana cire shi a sa sabo, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin farfela ba. Gane shi ba wuya. A tsai da mota a fili mai daidai, a kashe inji, a sa duwatsu a tayoyi. Mutum ya shiga ƙarƙashi, ya kama farfela da hannu biyu ya girgiza. In gaɓa tana wasa, ko an ga jan gari kamar na tsatsa a bakin huluna, allurai sun bushe sun ci kansu. In kuwa bututun ya lanƙwashe don ya bugi dutse ko kututture, ko kuben tsakiya ya yi sako-sako, to sai sabuwa. Ma'ajin ƙungiya na iya durƙusawa ya gani da idonsa. Ba raini ba ne ga direba.

To, wace za a saya? A kasuwa akwai ta kamfanin da ya ƙera motar, akwai tsohuwa da aka ciro daga wata mota, akwai kuma wadda wani kamfani dabam ya ƙera. Cikin wannan ta ƙarshe akwai mai araha da ba ta jimawa, akwai kuma mai kauri wadda aka yi musamman don motocin daji, wani lokaci ta fi ta asali tsada. Mai shago zai yabi mai kaurin. Amma motar da ke nan yadda ta fito daga masana'anta ba ta bukatarta. Ta asali, ko mai kyau irinta, ta ishe ta.

Mai bukatarta ita ce motar da aka ɗaga. Masu motocin kasuwa sukan ƙara ƙarafan sifirin, su sa manyan tayoyi, don motar ta ɗauki kaya da yawa kuma cikinta kada ya taɓa rairayi. Toyota Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, tana da sifirin mai jeren ƙarafa gaba da baya. A 1999 aka mai da na gaba mai naɗi kamar awarwaro. Ko wanne ne, in an ɗaga gaban mota, akwatin giya ya yi sama, tayoyi suna ƙasa. Farfelar gaba gajeruwa ce, don haka karkatarta na ƙaruwa da sauri, kamar gajeren tsani da aka jingina a dogon rumbu. Ɗagawa kaɗan, kamar santimita 5, ba ta cika kawo damuwa ba. In ta wuce haka da yawa, gaɓoɓi na wahala. Gaɓar da ke juyawa a karkace ba ta tafiya daidai: a kowane juyi tana sauri tana sassautawa sau biyu. Sai mota ta riƙa rawar jiki in an sa kat-kat, kurwaziyo ya riƙa mutuwa bayan ƴan watanni, kuben tsakiya ya kusa zarewa in an faɗa rami.

Maganin wannan shi ne farfela mai tagwayen gaɓa a ɓangaren akwatin giya, mai dogon kube. Kurwaziyo biyu ne a jere, da ɗan ƙwallo a tsakaninsu. Suna raba karkatar biyu, ɗaya na gyara abin da ɗaya ya ɓata. Amma ba a ɗaura ta kawai a tafi. Sai makaniki ya duba bakin da ke karɓar ta wajen tayoyin gaba, ya daidaita shi ya dubi akwatin giya. In ba a yi haka ba, an kashe kuɗi, rawar jiki na nan.

Akwai abin da mai shago ba zai faɗa ba. Igiyar rijiya in ta fi gugan ƙarfi, kunnen guga ne zai tsinke. Farfela mai kauri ba ta ƙara wa mota ƙarfi. In direba ya ci gaba da labta kaya fiye da kima, yana taka wuta cikin laka har tayoyi su yi ta juyawa a banza, wani abu zai karye dai. Wannan karon haƙoran da ke cikin tukunyar gaba ne, ko gaɓar da ke cikin taya, kuma gyaransu ya fi tsada nesa.

Wanda aka aika saye ya tafi da tsohuwar a hannu, ko da Maradi ko Damagaram za shi. Ya faɗi sunan motar da shekararta. A auna tsawon daga baki zuwa baki lokacin da motar ke tsaye a kan tayoyinta, ba lokacin da take kan jak ba. A aza bakin sabuwa a kan na tsohuwa, a ga ramukan bulon huɗu sun haɗu. A tabbata tana da ƴan bakunan sa giris. Akwai waɗanda ake rufewa tun daga masana'anta, ba a ƙara musu giris. Ga motar da ke ƙetare gulbi da damana, mai baki ta fi, don sabon giris na tura ruwa da ƙasa waje. Ƴan ƙarafan da aka liƙa a jikin bututu kuma ba datti ba ne, su ke hana ta girgiza, kada a ɓamɓare su.

Bayan an ɗaura, sauran aiki na direba da yaron mota ne. A tura giris har sabo ya fito daga hulunan nan huɗu, a sake bayan kowace shiga ruwa. Kuben tsakiya kaɗan yake so, in an cika shi ba ya iya taƙurewa. In an hau kwalta a mai da ƙaramar giya kan H2, a juya makullan tayoyin gaba zuwa inda aka rubuta FREE. Tafiya da H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta tana murɗe farfela kamar ana matse wanki. Da rani, ko ba a bukata, a juya makullan zuwa LOCK sau ɗaya a wata, a yi ƴan kilomita, don giris ya zagaya.

In kuwa farfelar gaba ta karye a daji, ba a kwana don ita. A kwance bulon ɗinta gaba da baya, a ajiye ta cikin mota, a sa H2 da FREE. Land Cruiser 70 za ta tafi da tayoyin baya. A rage iskar tayoyi, a bi wuri mai tauri, in an zo rairayi fasinjoji su sauka su tura.