Aikin da ke jiranmu a gida wannan hutun

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu, ku ba ni aron hankalinku. Hutu ya matso, kowa na haɗa kaya zai kama hanyar gida, kuma da wuya a samu wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa a SS2 ko SS3 da ke jiran WAEC, NECO da JAMB. Yadda yaran nan ke shirin jarrabawar Turanci akwai gyara, kuma mu ne ya kamata mu yi gyaran.

Kowa ya san ƙa'ida: in babu kiredit biyar har da Turanci, babu shiga jami'a. Yaro zai kwashi A1 da B2 a darussan kimiyya, D7 ɗaya a Turanci ta zaunar da shi gida shekara guda. A JAMB kuma, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, sauran darussa ukun 40 kowanne.

To yaya suke shiri? Hadda. Ya haddace ma'anar noun da verb, ya haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya, lamba kaza amsarta C. Amma miƙa masa shafi ɗaya ka ce ya karanta ya faɗa maka da Hausa abin da aka ce, sai ya hau kame-kame.

Ku duba takarda ta biyu ta WAEC. Maki 100 ne: insha'i 50, fahimtar rubutu 20, taƙaitawa 30. Ke nan rabin makin yana kan rubutun da yaro bai taɓa gani ba sai a ɗakin jarrabawa. A wajen taƙaitawa, in ya kwafo jimlar marubucin yadda take ya ajiye, masu maki ba sa ba shi komai. So ake ya faɗa da kalmominsa. Wace hadda ce za ta cece shi a nan?

Ban ce a watsar da nahawu ba fa. A dai koyar da shi inda Bahaushe ke tuntuɓe. Mu a Hausa, lokaci a jikin wakilin suna yake: ya ci, ta ci, za su ci, aikatau bai motsa ba. Shi ya sa yaro ke mance "ed" da "s" a ƙarshen kalma, ya rubuta "she go". "A" ɗinmu guda ɗaya ita ke aikin in, on da at: a gida, a kasuwa, a ranar Litinin. Ga rikicin p da f, da b da v, wanda ke cin maki a takarda ta uku ta furuci. Muna da tamu ribar ma: Hausa ta bambanta shi da ita, abin da Yarabanci da Ibo ba su yi ba, don haka he da she ba sa ruɗa mu. In ka nuna wa yaro waɗannan da Hausa, cikin sati zai gane abin da aka yi zango ana maimaita masa.

Wani zai ce, ai akwai santocin da ake biya a rubuta wa yaro amsa a allo. Akwai kam. Amma mu da muke nan mun ga ƙarshen wannan hanya. Malami ba zai tsaya ya fassara maka lacca ba. Kwas ɗin Turanci na GST yana jiranka a aji ɗaya, furojet yana jiranka a ajin ƙarshe. Nawa muka sani da suka san amsa sarai amma ba sa iya ɗaga hannu a aji, don tsoron kada a yi musu dariya? Ba ƙwaƙwalwa abokanmu na nan suka fi mu ba, sun dai fi mu yawan ji da karantawa tun suna ƙanana.

Ga abin da nake roƙo. Minti 30 kullum, kai da ƙanenka, ke da ƙanwarki. Ku ɗauko labari ɗaya daga jarida, ko Daily Trust ce a waya. Ya karanta da ƙarfi. Ya rufe, ya ba ka labarin da Hausa. Sannan ya rubuta shi a jimla uku da Turancinsa, ku gyara tare. Kalma biyar sababbi, ya sa kowacce a jimla. Ranar Asabar a yi tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba. Littafin da JAMB ta ware na shekarar kuma ya karanta shi daga farko har ƙarshe, kada ya dogara da guntun bayanin da ke yawo a WhatsApp.

Kada ka ce kai ma Turancin naka sai a hankali. Kana koya masa, naka na gyaruwa. Tsarabar burodi kwana biyu za ta yi ta ƙare, wannan kuwa har jami'a za ta raka shi. Wanda ya yarda ya tura wa 'yan ƙungiyar jiharsu kafin a watse.