Haƙƙin Mai Ɗaurin Ƙafar Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa suka koma suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure shekara da shekaru, sai rumfunan masu gyara suka sake cika. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, masu faci sun yawaita, alhali masu iya ɗaure ƙafar keke tun daga cibiya har rim sai ƙara ƙaranci suke yi.

Wanda bai san haƙiƙanin al'amarin ba yana zaton sifoka ginshiƙai ne da nauyi ke zama a kansu, alhali kuwa waya ce siririya, kaurinta galibi milimita 2, wadda ko yaro yana iya lanƙwasa ta. Asirin ƙarfinta yana cikin jan da aka yi mata. Idan an ɗora kaya, waɗanda ke ƙasa su ɗan sassauta, da ƙafar ta juya kuma su koma yadda suke. To, in jan bai isa ba, ko kuwa wata ta fi wata tsanani, sai wayar ta dinga saki tana kamawa a kowane juyi, har ta gaji ta karye a gwiwarta, nauyin ya koma kan maƙwabtanta, ƙafar ta kantare. Tun 1874 James Starley na Ingila ya fito da hikimar giciye sifoka da juna domin su jure ƙarfin feda, kuma tsofaffin kekunan Raleigh da iyayenmu suka yi alfahari da su, sifoka 32 ake sa musu a gaba, 40 a baya, saboda maƙeransu sun san inda nauyi yake sauka. Ina ga namu keken, da ke ɗaukar buhun masara da jarkokin ruwa a kan hanyar burji?

Saboda haka gwani ba ya gaggawa. Yakan bi notocin da ke riƙe sifokan a jikin rim ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa kowanne rubu'in juyi, yana kaɗa wayoyin da yatsa yana saurare kamar mai gyara tsirkiyar molo, sa'an nan ya matse su biyu-biyu da tafin hannu domin su zauna tun a rumfa, kada su saki a hanya. Yakan zaɓi sifokar ƙarfen da ba ya tsatsa, da noti na tagulla wanda damina ba ta liƙe shi, ya kuma auna tsawo, domin doguwa tana huda tiyub, gajera kuwa ba ta kama noti sosai. Wannan aikin sa'o'i ne, mu kuwa sai mu tsaya masa a ka muna taya shi kuɗin faci, mu kuma kawo masa sifoka mafi araha a kasuwa. A ganina wannan zalunci ne, kuma shi ya sa yaran shago ke gudun koyonsa.

Su ma masu gyara akwai magana a kansu, domin cuɗa tsohuwar waya mai tsatsa cikin sababbi ba tare da an shaida wa mai keke ba algus ne, ga kuma ran mutumin da ke bisa ƙafar nan amana a wuyansu. Malamai sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa daga gare su cikin farillan kifaya, kuma ban ga dalilin fitar da wannan daga cikinsu ba. Ina roƙon dattawan sana'ar da suka rage su zaunar da almajiransu su koya musu ɗaurin nan, mu kuma masu kekuna mu sayi kayan kirki, mu ba gwani lokaci, mu biya shi ladansa cikakke.