Gorin Kayan Ɗaki: Kada Mu Jira Sai An Ɗauko Makara

Duk ƙarshen zango, rajistar makarantunmu daga Sifawa har Dandin Mahe takan nuna gurbin ɗalibar da aka ɗaura wa aure. Mukan yi mata fatan alheri mu rufe littafi. Abin da ba mu cika bibiya ba shi ne halin da take shiga idan mahaifinta ya kasa cika mata ɗaki da gado da kujeru da jere, ko ya kasa kai gara. A nan gori ke farawa: uwar miji ta yi habaici, dangin miji su leƙa ɗaki su taɓe baki, miji ya tsuke bakin aljihu har sai an kawo buhun shinkafa da jarkar mai. Daga gori sai horon yunwa, daga nan sai duka. Idan yarinya ta yi yaji, gidansu a ce mata aure ɗan haƙuri ne, a mayar da ita.

Ra'ayinmu shi ne wannan al'amari ya wuce sha'anin cikin gida. Laifi ne da doka ta sani, kuma shirun waɗanda suka ga alamunsa shi ke ba shi damar kaiwa ga rasa rai.

Ƙasar Indiya ta riga mu ɗanɗana wannan masifa. A can iyayen amarya ne ke biyan dukiya ga gidan ango, kuma ko da yake an haramta hakan tun 1961, alƙaluman hukuma sun nuna mata fiye da 6,000 ne suka mutu a 2023 kaɗai saboda ita. A 1983 suka mai da azabtar da matar aure laifi a kan miji da danginsa. A 1986 suka ƙara sashe na 304B: idan mace ta mutu ta hanyar da ba a saba ba cikin shekara 7 da aurenta, aka kuma tabbatar ana tsangwamarta kan dukiyar aure daf da rasuwarta, kotu za ta ɗauka mai tsangwamar ne sanadi, sai ya wanke kansa. Hukuncin bai gaza ɗaurin shekara 7 ba, yana iya kaiwa rai da rai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya, wadda ake kira VAPP, ta fito a 2015, Jihar Sakkwato kuma ta samu tata a 2021 zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Irin wannan doka ba ta tsaya ga duka ba, ta haɗa da zagi da muzantawa da tauye wa mutum abin rayuwa. Idan kuwa rai ya salwanta, dokar kisan kai tana nan, Shari'a ma ta ba waliyyan jini haƙƙin ƙisasi ko diyya. A Afrilun 2025 wata babbar kotu a Abuja ta yanke hukuncin kisa ga mijin mawaƙiya Osinachi Nwachukwu, wadda ta rasu a Afrilun 2022. Abin da ya tsayar da ƙarar shi ne shaidar makusanta, har da 'ya'yanta. Sai dai maganar ta fito ne bayan ta bar duniya.

A nan matsalarmu take. Kotu da hujja take aiki, mu kuwa mukan binne hujja tare da gawa. Gaggauta jana'iza sunna ce da muke girmamawa, amma idan amarya mai ƙoshin lafiya ta mutu da tabo ko ƙuna a jikinta, jinkirin 'yan sa'o'i domin likita ya duba, a kuma sanar da 'yan sanda, bai saɓa wa addini ba. Cewa "kwana ya ƙare" gaskiya ne, amma bai taɓa sauke alhaki daga wuyan azzalumi ba.

Wasu za su ce kai ƙarar suruki ɓata zumunci ne, kuma kayan ɗaki al'ada ce ta nuna gata. Mun yarda gata ne idan uba ya yi daidai ƙarfinsa. Amma sadaki haƙƙin mace ne, kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana, ci da sha da sutura da muhalli kuwa duk a wuyan miji suke. Gara kyauta ce, wanda ya mai da ita bashi ya ƙirƙiro abin da ba a ɗora wa kowa ba. A ƙasar nan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, Malam Abdullahi a Boɗinga, kuma a littafinsa Nurul Albab Shehu ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kare 'ya mace gadonmu ne, babu wanda ya kawo mana shi daga waje.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai na Boɗinga da Shagari da mu ɗauki nauyi uku. Na farko, kada a goge sunan ɗalibar da ta yi aure. A nemi iyaye da miji su bar ta ta ci gaba, malamai mata kuma su riƙa ziyartarta. Na biyu, idan tsohuwar ɗaliba ta kawo kuka, a rubuta rana da abin da ta faɗa da abin da ido ya gani, a raka ta asibiti, a sanar da iyayenta da uban ƙasa, a kai ga hukuma idan akwai rauni ko barazana. Na uku, a taron iyaye da malamai mu tayar da zancen gara a fili, mu roƙi limamai su sa shi cikin huɗuba. Samarin da ke zaune a azuzuwanmu su ne angwayen gobe, ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a gidajen aurensu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani.