Dukiyar Mai Rai Ba Gado Ba Ce

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya kama, sanyi ya fara sauka a kudancin Ostireliya, sai manyan hanyoyin ƙasar su cika da wani irin ayari. Wasu motocin na jan ɗaki mai taya a baya, wasu kuma tun daga masana'anta aka ƙera su da gadon kwana da murhun gas da firji da banɗaki a ciki. A kujerun gaba akwai miji da mata, galibi sun haura shekara 60, sun ajiye aiki, sun kulle gida a Melbon ko Adelaide, sun nufi arewa inda rana take. 'Yan ƙasar sun laƙaba musu sunan da ke nufin makiyaya masu furfura, ko da yake babu saniya ko ɗaya a gabansu. Bahaushe zai fi gane su a matsayin 'yan cin rani, sai dai su ba neman kuɗi ya fitar da su ba. Kashewa suka fita yi.

Wannan kashewar ce ta zame musu laifi. A bayan wasu motocin akan ga takardar manni ta barkwanci da ke cewa masu motar suna kan cinye gadon 'ya'yansu. Raha ce, amma akwai masu ɗaukarta da gaske. Suna cewa ga matasa sun kasa mallakar gida a Sidni, kuɗin haya ya sha musu kai, iyayensu kuwa suna can bakin teku suna ƙona man fetur da kallon faɗuwar rana. Tuhumar tana da daɗin ji, kuma mai karatu da ya tashi inda ake auna dattijo da abin da ya bar wa na baya zai iya gyaɗa kai. Amma tuhuma ce da ba ta da ƙafar tsayawa, kuma ya dace a rushe ta tun kafin ta sami gindin zama a zukatan waɗanda su ma ritaya ke tafe musu.

Hanyar da suke bi

Babbar Hanya Mai Lamba 1 ta zagaye nahiyar Ostireliya, tsawonta kimanin kilomita 14,500, wato fiye da sau 13 na tafiyar Kano zuwa Legas. A wurare da dama tana bin gaɓar teku ne kafaɗa da kafaɗa. Kammala wannan zagaye shi ne burin yawancin dattawan, kuma ba sa gaggawa: wasu wata shida, wasu shekara guda, wasu ma biyu. Motoci masu ɗaki da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura 800,000.

Yanayi ne ke tsara tafiyar. Daga Mayu zuwa Oktoba rani ne a arewa, hanyoyi a bushe, zafi da sauƙi, don haka a lokacin ake cika Cairns da Darwin da Broome, garin da raƙuma ke ɗaukar baƙi a kan rairayin bakin teku mai tsawon kilomita 22. Kafin damina ta rufe hanyoyi sai a gangaro kudu. A jihar Victoria akwai hanyar Great Ocean mai kilomita 243, wadda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka sassaƙa a jikin duwatsu tsakanin 1919 da 1932. A filin Nullarbor, inda bishiya ke wuyar gani, akwai wani miƙaƙƙen titi na kilomita 146.6 da babu kwana ko ɗaya a cikinsa.

Duk wanda ya ɗauka wannan zaman hutu ne a kan katifa bai san hanyar ba. Dattijo mai shekara 68 yana jan ɗaki mai nauyin tan biyu ko uku, manyan motocin kaya masu jan tireloli uku suna wuce shi da iskar da ke girgiza sitiyari. Matarsa na lissafin ruwa da gas da nisan gidan mai na gaba, idan ya gaji ta karɓi tuƙi. A kogunan arewa akwai kada. Mutanen da suka yi shekara 40 suna haɗuwa da dare kawai, bayan aiki da hidimar yara, yanzu suna kwana suna tashi a ɗakin da bai kai rabin shago ba. Jarrabawa ce ga aure, kuma ga da yawa daga cikinsu wannan ne karon farko da suka sami lokacin junansu.

Lissafin da masu tuhuma ba sa so

Kuskuren farko yana cikin kalmar kanta. Gado ba ya tabbata sai mai dukiya ya mutu. Muddin yana numfashi, abin da ke hannunsa guminsa ne. Ɗan da ke lissafa kuɗin fanshon mahaifinsa a matsayin rabonsa ya riga ya haƙa masa kabari a zuci, yana jiran rana kawai.

Kuskure na biyu na alƙaluma ne. A 2020 gwamnatin Ostireliya ta fitar da rahoton wani kwamiti ƙarƙashin Michael Callaghan da ya binciki tsarin kuɗin ritaya na ƙasar. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya gano ya saɓa wa duk wannan surutu: yawancin masu ritaya suna mutuwa ne alhali mafi yawan dukiyar da suka bar aiki da ita tana nan ba a taɓa ba. Tsoron rashin lafiya da tsoron tsawon rai na sa su ƙuntata wa kansu. Ashe matsalar da kwamitin ya gani ita ce dattawa ba sa cin abin da suka tara. Masu fita zagayen gaɓar teku suna amfani da kuɗin fansho ne ta hanyar da aka tara shi dominta.

Na uku, gadon da ake kuka a kai ba ya zuwa lokacin da ake buƙatarsa. Hukumar Productivity Commission, mai ba gwamnati shawara kan tattalin arziki, ta nuna a 2021 cewa matsakaicin mai karɓar gado a ƙasar yana da kimanin shekara 50. A ƙasar da mutane ke kaiwa shekara 83 a matsakaici, hakan ba abin mamaki ba ne. Matashi mai shekara 28 da ke neman kuɗin ajiyar farko na sayen gida ba zai amfana da komai ba don iyayensa sun fasa tafiya Broome. Zai jira shekara 20 ko fiye, lokacin da shi ma furfura ta fara fito masa.

Lokaci kuwa ba ya jiran dattijon. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa shekarun da ɗan Ostireliya ke sa ran yi cikin ƙoshin lafiya kimanin 70 ne da ɗoriya kaɗan, ragowar sama da goma da ciwo ake yin su. Gwiwa na ƙarewa, ido na raguwa, wata rana likita zai ce a daina tuƙi, ko ɗaya daga cikin ma'auratan ya riga ɗayan. Wanda ya ce musu su dakata, ya san sarai cewa wannan dakatawar ba ta da gobe.

An bar jaki ana dukan taiki

Kukan matasan gaskiya ne, kuma ba a musanta shi. Farashin gidaje a manyan biranen Ostireliya ya yi wa albashi nisa ƙwarai. Amma tushen abin yana majalisar dokoki a Kanbera. A 1979 ƙasar ta soke harajin gado na tarayya. A 1999 gwamnatin John Howard ta shigo da rangwamen kashi 50 cikin 100 a harajin ribar sayar da kadara, aka haɗa shi da damar cire asarar gidan haya daga harajin albashi, sai tara gidaje ya zama sana'a mai tsoka ga masu hali. Gidan da mutum ke zaune a ciki ba ya shiga lissafin kadara idan za a ba shi fanshon tsufa na gwamnati, komai tsadarsa. Ga kuma dokokin tsara birane da suka daɗe suna takaita gina sababbin gidaje a unguwannin da ake nema.

Waɗannan su ne suka rufe wa matasa ƙofa. Malamar makaranta da mijinta makaniki da suka sayi tsohuwar mota mai ɗaki ba su ne suka rubuta su ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: ya fi sauƙi a harari uwa da uba a kan hoton bakin teku da a tunkari dokar haraji.

Kuma kuɗin da suke kashewa ba teku yake faɗawa ba. Yana sauka a ƙananan garuruwan da matasa suka ƙaurace wa, a gidan mai da shagon burodi da wurin mai gyaran taya. Wasu dattawan na tsayawa tsinkar 'ya'yan itace a gonaki. Bayan gobarar daji ta 7 ga Fabrairun 2009 a Victoria, wadda ta kashe mutum 173, an kafa ƙungiyar sa-kai ta BlazeAid domin sake gina shingen gonakin da wuta ta cinye, kuma masu furfurar nan suna cikin manyan ginshiƙanta, domin su ne ke da lokaci, kuma da makwancinsu suke zuwa.

Akwai abin da ya wajaba a bambance. Ba duk tsohon da ke kwana a mota ne ke yawon buɗe ido ba. A Amurka, littafin Nomadland na Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017, ya bi sawun dattawan da talauci ya kora daga gidajensu, suna bin ayyukan wucin gadi daga jiha zuwa jiha. A Ostireliya ma akwai irinsu. Wannan abin kunya ne ga kowace al'umma. Amma maganinsa a sama musu muhalli, ba a hana wanda ke da hali fita ba.

Abin da ke ƙarƙashin tayar

Tafiyar nan ba jarumtar mutum biyu kaɗai ba ce. Hukumomi ne suka shimfiɗa mata hanya. A 1992 gwamnatin Paul Keating ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 3 cikin 100 na albashi a asusun ritayar kowane ma'aikaci, adadin ya yi ta hawa har ya kai kashi 12 a Yulin 2025. Wanda ajiyarsa ba ta isa ba yana da fanshon gwamnati daga shekara 67. Inshorar lafiya ta Medicare, da aka kafa a 1984, tana aiki a kowace jiha. Idan zuciya ta buga a tsakiyar daji, akwai likitocin jirgin sama da John Flynn ya assasa tun 1928. An gama shimfiɗa kwalta a hanyar Nullarbor a 1976. Sannan ma'aurata za su iya ajiye mota a gefen hanya su kwana har gari ya waye.

A nan ne batun ya shafi ma'aikacin Kano ko Kaduna. Dokar fansho ta Najeriya, wadda aka kafa a 2004 aka sabunta a 2014, ta tanadi kashi 18 cikin 100: goma daga mai ɗaukar aiki, takwas daga ma'aikaci. A takarda ya zarce na Ostireliya. Amma hauhawar farashin da ta haura kashi 30 a 2024 ta lashe darajar ajiyar, asibiti daga aljihu ake biya, kuma ma'aikacin gwamnati da ya cika shekara 60 ko 35 a bakin aiki yakan fara ritayarsa ne a layin tantancewa. Babu mai hankalin da zai ce masa ya kwana a gefen hanyar Birnin Gwari.

Sai dai ko da an gyara duk wannan, akwai shinge na biyu, wanda ke cikin kai. Dattijon da ya ajiye aiki ana sa ran ya koma tabarmar ƙofar gida, ya zama asusun biki da suna da kuɗin makarantar jikoki. Idan ya ɗauki matarsa suka tafi Yankari ko Kalaba don kawai su ga wuri, za a ce tsofai-tsofai da su. Ita matar, wadda ta yi shekara 35 tana tashi da asuba, ba a ma tambayarta abin da take so ta gani. Zumunci abu ne mai daraja, kuma shi ke riƙe da gidaje da yawa inda hukuma ta gaza. Amma ya zama zalunci idan ya koma haƙƙin kowa a kan dattijo ban da shi kansa.

Iyayen da suka ciyar, suka tufatar, suka ilimantar har ɗa ya tsaya da ƙafarsa sun sauke nauyin da ke kansu. Abin da ya rage a hannunsu, da shekarun da suka rage musu, nasu ne. Kifi ma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi. Ɗan da ya ga mahaifansa sun ɗaura kaya za su ga teku, abin da ya dace da shi shi ne ya duba musu iskar taya, ya tabbatar maganin hawan jini na cikin jaka, ya yi musu fatan sauka lafiya. Fushinsa kuwa ya kai shi majalisa, inda aka rubuta dokar da ta hana shi gida.