Kada A Yar Da Tsohon Jirgin Ruwa

Jama'a, manomin da gonarsa ke hayin ruwa, a Tiga ko Watari, jirgi shi ne jakinsa. Amma sai ka ga jirgin fiba mai inji an kife shi a bayan gida, kaji na kwana ƙarƙashinsa, wai don ya tsage. Wannan asara ce, gama gara ba ta cin fiba.

A wanke jirgin, ya bushe sarai. A goge tsagar da sanfefa, a shimfiɗa ƙyallen fiba da gam ɗinsa, ninki uku. A duba katakon baya inda inji ke zama, shi ne ke ruɓewa. Inji kuwa, a zubar da tsohon fetur, a wanke kafireto, a sake fulogi. Kayan gyaran a neme su a kantunan Bata da Sabon Gari.

Amma fa gyaran ganin ido ba gyara ba ne. A gwada jirgin da buhunan yashi tukuna, kuma kada lodi ya wuce ƙima. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai a 2021 ba, yara da yawa suka rasu. Allah ya kiyaye, amin.