Filin Direbobi da Makanikai: In A-kori-kura Mai Shan Gas Ta Ƙi Tashi da Asuba

A watannin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, duk wanda ya yi sammako a unguwar Tudun Wada cikin birnin Gombe ba zai rasa ganin direba da yaransa suna fama da turin a-kori-kura ba. Tun jiya aka yi ciniki za ta tafi Dadin Kowa ɗauko kayan lambu, ko kuwa ta kai buhunan masara kasuwar Tudun Hatsi, amma gari ya waye ta ƙi tashi. Kafin rana ta ɗaga, mai kaya ya nemi wata motar, kuɗin yini ya salwanta. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, masu mota da yawa da zarar an kai ta gareji sai su yarda a kwance famfon gas, watau abin da ya fi kome tsadar gyara, alhali sau da yawa cutar ba a nan take ba.

Kafin a taɓa sifana, ya kamata a san yadda injin yake aiki. Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897, ba shi da filogin tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska matsi mai tsanani har zafinta ya wuce digiri 500 na ma'aunin Salshiyas, sa'an nan nozul ya fesa gas a cikinta, ya kama da kansa. Saboda haka abubuwa huɗu ake bukata: injin ya juya da sauri, ɗakin wuta ya yi zafi, gas ya iso ba tare da iska ba, matsi kuma ya cika. Sanyin Gombe bai kai ya daskarar da gas kamar yadda yakan faru a Turai ba. Iyakarsa ya tona asirin wanda ya raunana cikin huɗun nan.

Na farkon dubawa shi ne batir. Idan an murɗa makulli aka ji injin na juyawa da nawa, to, ba a kai ga maganar gas ba tukuna, domin injin da ke juyawa a hankali ba ya tara zafi. Batir mai lafiya yakan nuna bolt 12.6 a ma'auni in ya huta, bai kuma kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik ke aiki. Sai a goge kawunansa in sun yi gari, a ɗaure su tamau, a duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota. In duk waɗannan lafiya suke, sai rewaya ya duba kik ɗin kansa. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma sha biyar, a kuma bar kik ya huta kafin a sake, don kada ya ƙone.

Idan injin na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai a sa yaron mota ya tsaya wajen salansa, domin hayaƙi shi ne shaidar da ba ta karɓar toshiya. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin gas na isa, zafi ne babu. Nan sai a tuhumi hita, watau ƙananan filogin da ke ɗumama ɗakin wuta kafin tashi. Mutuwar guda ɗaya takan sa injin ya tashi yana karkarwa, in kuwa biyu ko uku suka mutu, sai turi. Direbobi su lura cewa kamawar fitilar hita a gaban direba ba ta tabbatar da cewa wuta ta isa gare su ba, don haka a duba fis da rile, a gwada kowane filogi shi kaɗai. Baƙin hayaƙi kuwa yakan nuna matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul na ɗiga maimakon feshi.

In babu hayaƙi ko kaɗan, gas ne bai iso ba. Mafi yawan abin da ke jawo haka shi ne iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo ko robar filta da ta bushe, gas ya koma tanki cikin dare. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo. A Toyota Hilux da makamantanta akwai ɗan famfon hannu a kan filta. A danna shi har ya yi tauri, sa'an nan a murɗa makulli. In ta tashi nan take, to, sai a bi layin mai a nemo inda iska ke shiga. Haka kuma a zubar da ruwan da ya taru a gindin filta, a canja ta in ta daɗe. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, waɗansu suka koma sayen na jarka mai rahusa. Wanda aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo ke bukata, mai ruwa kuwa tsatsa yake haifarwa.

Sai an gama da waɗannan duka ake waiwayar famfo da matsi. Alamar famfo da ya gaji ita ce motar ta tashi lafiya da safe, amma ta ƙi bayan ta yi zafi. Direban da ya saba zuba wa famfo ruwan sanyi don ta tashi ya sani jinkirta gyara kawai yake yi. Alamar raunin matsi kuwa ita ce shan baƙin mai, da hayaƙi mai fitowa da ƙarfi in an buɗe murfin baƙin mai. Wannan sai an auna, kada a sauke inji bisa zato.

Akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, ɗabi'ar kanga tsumma mai fetur a bakin iska mugun abu ce. Fetur yakan kama kafin lokaci, musamman in hita ta yi ja, ya karya ringi ko ya fasa fistin, wani lokaci har wuta ta taso wa mai riƙe da tsumman. Na biyu, sababbin Hilux masu gas da suka fito daga wajen 2005 kwamfuta ce ke sarrafa feshinsu, matsin gas ɗin kuwa yana iya huda fatar mutum. Ba a kwance bututun nozul ɗinsu injin na aiki. Na'urar bincike ake jona musu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai a-kori-kura da ya auna batir, ya gwada hita, ya canja filta tun cikin Nuwamba, ya kuma roƙi makanikinsa ya bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya daga mai araha zuwa mai tsada, shi ne zai riga abokansa isa Dadin Kowa ranar da sanyi ya fi tsanani.